Wa Ke Ƙirga Ruwan da Tsoho Ya Sha?

Sharhinmu na yau zai leƙa gidajen kula da tsofaffi na Turai da Amurka, kan wani aiki da ake yi wa kallon ƙarami alhali rai yana rataye da shi: lissafin ruwan da ya shiga jikin tsoho da wanda ya fita.

A makonni biyun farko na watan Agustan 2003, wani zafi ya sauka a Faransa wanda mutanen ƙasar ba su saba gani ba. A garuruwa da dama ma'auni ya kai digiri 40, dare kuma bai kawo sauƙi ba. Kafin wata ya ƙare an yi asarar rayuka kusan 15,000 fiye da yadda aka saba a irin wannan lokaci, akasarinsu mutanen da suka haura shekara 75. Ɗakunan ajiye gawa na birnin Paris suka cika maƙil, har sai da hukuma ta ari wani katafaren ɗakin sanyi a kasuwar kayan abinci ta Rungis. Babban daraktan lafiya na ƙasar, Lucien Abenhaïm, ya ajiye aikinsa a cikin watan. Abin da ya fi tayar wa Faransawa hankali shi ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar na mamatan sun cika ne a gidajen kula da tsofaffi, wuraren da ake biyan kuɗi musamman domin a lura da su, wuraren da famfo ba ya ɗaukewa.

Mutumin Sakkwato ko Damagaram zai iya cewa digiri 40 ai ba baƙon abu ba ne a watan Afrilu. Haka ne. Sai dai gidajen can an gina su ne domin su riƙe ɗumi, kuma Agusta watan hutu ne, likitoci da ma'aikatan jinya da yawa sun yi tafiya. Akwai kuma dalili na uku, wanda bai bambanta Bature da Bahaushe ba: jikin tsoho ba ya neman ruwa a lokacin da yake bukatarsa.

Tun a 1984 wasu likitoci a Oxford ta Ingila suka gwada wannan. Sun ɗauki samari da kuma dattawa masu cikakkiyar lafiya, suka hana su abin sha na tsawon awa 24, sannan suka ajiye musu ruwa. Samarin suka sha har jininsu ya koma daidai. Dattawan kuwa, duk da awo ya nuna gishirin jininsu ya hau fiye da na samarin, sun ce ba su jin ƙishirwa sosai, suka ɗan sha suka ajiye kofi. Ƙishirwar tsoho kamar allurar mai ce a tsohuwar mota: tanki ya kusa bushewa, ita tana nuna da saura.

Ba nan kaɗai matsalar ta tsaya ba. Jikin matashi kusan kashi 60 cikin 100 ruwa ne. Na tsoho yana sauka zuwa wajen kashi 50, saboda tsoka ce ke riƙe ruwa, ita kuwa tana zubewa da shekaru. Ƙodar tsoho ba ta iya tattalin ruwa kamar da, sai ta ci gaba da zubar da shi ko da jiki na nema. A kan haka sai a ɗora magunguna: na hawan jini da na ciwon zuciya masu sa yawan fitsari, da na sakin ciki. Ciwon suga ma jan ruwa yake yi. Wanda gigin tsufa ya kama yakan manta ya sha, wani ma ya kalli kofi bai gane abin da ake yi da shi ba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, haɗiya kan gagare shi, ruwa ya riƙa sarƙe shi har ya ji tsoronsa. Wata kuma hannunta rawa yake yi, butar ruwa ta fi ƙarfinta.

Akwai wani dalilin da tsofaffi ba su cika faɗa ba, kuma masu kula da su sun san shi sarai: kunya. Tsohuwar da ta san idan ta danna ƙararrawa sai ta daɗe tana jira kafin a zo a raka ta ban ɗaki, da gangan za ta rage shan ruwa tun daga la'asar, don kada ta jiƙa shimfiɗa. Ta zaɓi ƙishirwa a kan zubewar mutunci. Duk gidan da ke son tsofaffinsa su sha ruwa, tilas ya fara da tabbatar musu cewa za a kai su ban ɗaki a kan lokaci, ba tare da tsaki ko ɓata fuska ba.

Yaya girman abin yake? Wata tawaga a Jami'ar East Anglia da ke birnin Norwich, ƙarƙashin jagorancin Lee Hooper, ta ɗebi jinin tsofaffi 188 a gidaje 56 na yankunan Norfolk da Suffolk. Mutum ɗaya cikin kowane biyar yana cikin ƙarancin ruwa, kuma wannan ba a lokacin wani zafi na musamman ba, a rana irin ta kullum. A 2015 kuma, Anthony Wolff da abokan aikinsa suka duba bayanan marasa lafiya sama da 20,000 masu shekara 65 zuwa sama da aka kwantar a asibiti a arewacin Landan. Cikin waɗanda suka zo daga gidajensu, kashi 1.3 cikin 100 ne gishirin jininsu ya haura ƙa'ida, wanda alama ce ta bushewar jiki. Cikin waɗanda aka kawo daga gidajen kula da tsofaffi, kashi 12 ne. Gaskiya ne mazauna irin waɗannan gidaje sun fi rauni tun asali, amma ko da masu binciken suka cire tasirin shekaru da gigin tsufa, tazarar ba ta gushe ba.

A Amurka, wata farfesar aikin jinya a Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko, Jeanie Kayser-Jones, ta bi wata hanyar. Ita da tawagarta zama suka yi a ɗakunan suna kallo, suna auna duk abin da aka sha. A rahotonsu na 1999, cikin tsofaffi 40 da suka bibiya, 39 ba su samun lita ɗaya da rabi a yini. Sun ga ruwan da aka ajiye inda hannu ba ya kaiwa, sun ga masu matsalar haɗiya da ba wanda ya gano su, sun ga waɗanda ba su jin Turanci ba su da hanyar cewa a ba su ruwa, da waɗanda ba su da dangin da zai zo ya zauna da su lokacin cin abinci. Hukuncin da ta yanke a bayyane yake: ma'aikata sun yi kaɗan, kuma ba a sa musu ido yadda ya kamata. Lokacin nan kuwa shekara goma sha biyu ke nan da Amurka ta yi dokar gyaran gidajen tsofaffi ta 1987.

To, a nan ne takardar lissafin ruwa ke shigowa. Takarda ce mai gida biyu, a rataye a ƙarshen gado ko a cikin wayar aiki. A gida ɗaya ana rubuta abin da ya shiga: ruwa, shayi, madara, romo, ruwan da aka haɗiye magani da shi, har da ƙarin ruwa idan an sa. A ɗayan ana rubuta abin da ya fita: fitsari, amai, gudawa. Bayan awa 24 a haɗa jimilla a cire wannan daga wancan, a tuna kuma cewa akwai kimanin rabin lita ko fiye da ke fita ta numfashi da fata ba tare da an gani ba, wanda ke ƙaruwa idan akwai zazzaɓi ko zafi. Mizanin da ƙungiyar masana abinci da lafiya ta Turai, ESPEN, ta fitar a 2019 shi ne a ba tsohuwa abin sha aƙalla lita 1.6 a yini, tsoho kuma lita 2, sai fa idan likita ya faɗi wani abu daban. Fitsari kuwa, idan ya gaza rabin mililita a kan kowane kilo na nauyin mutum a awa ɗaya, har tsawon awa shida, likitoci na ɗaukar hakan alamar ƙoda ta shiga haɗari. Ga mai kilo 60, mililita 30 ke nan a awa.

A takarda abin yana da sauƙi. A ɗaki, ga yadda yake kasancewa. Misali ƙarfe goma na safe an kawo wa wata tsohuwa shayi a kofi mai cin mililita 200. Ta kurɓi biyu, barci ya ɗauke ta. Shayin ya huce, mai kwashe kwanuka ta zo ta zubar da shi a wurin wanke-wanke. Ma'aikaciyar da ta kawo shayin tana can tana yi wa wani wanka, wani kuma ya faɗi a ban ɗaki. Sai ƙarfe biyu, lokacin miƙa aiki, ta zauna ta cike takardun mutum takwas ko goma da abin da ta iya tunawa. A gaban sunan tsohuwar ta rubuta 200. Ba ƙarya ta yi niyya ba. Abin da ta kawo ta rubuta, don ba ta ga abin da aka sha ba. Da yamma wata ta rubuta “ta ɗan kurɓa”, wanda ba ya shiga lissafi. A gidan fitsari an rubuta “kunzugu ya jiƙe”, ba a ɗora shi a sikeli ba, alhali kowane giram ɗaya da ya ƙaru a nauyinsa mililita ɗaya ne. Dare ya yi, ba wanda ya haɗa jimilla. Washegari sabuwar takarda.

Irin wannan takarda ta fi rashinta haɗari, domin tana kwantar wa nas da likita da dangi hankali a kan abin da bai faru ba. Tawagar East Anglia ta gwada wannan ma. Ta ba tsofaffin da hankalinsu ke tare da su wani ɗan littafi su riƙa rubuta abin da suka sha da kansu, mai bincike kuma yana gefe yana aunawa. Abin da tsofaffin suka rubuta ya fi kusa da gaskiya a kan takardun ma'aikata.

Saboda haka gidajen da suka san abin da suke yi ba su rataya wa kowa takarda don cika umarni. Suna zaɓar waɗanda ke cikin haɗari: mai zazzaɓi, mai gudawa, mai robar fitsari, wanda aka dawo da shi daga asibiti, wanda ya fara ƙin abinci. Suna rubuta masa adadin da ake so ya sha a saman takardar. Kowane kofi da moɗa a gidan an san abin da yake ci. Ana rubuta abin da aka sha a take, ba abin da aka kawo ba. Mafi muhimmanci, akwai mutum guda da aka ɗora wa nauyin duba jimilla da tsakar rana, tun akwai sauran lokacin gyara, kuma ya san wa zai kira idan lissafi ya gaza.

Wani zai ce, me ya kai mu wannan wahala, ba a duba tsohon da ido? Shekara da shekaru ana koya wa ma'aikatan jinya su ja fatar bayan hannu su ga ko za ta koma da sauri, su duba bushewar harshe, su kalli launin fitsari, su tambaya ko ana jin ƙishirwa. Waɗannan alamomi suna da amfani a jikin yaro mai gudawa. A jikin tsoho kuwa, wani babban nazari na cibiyar Cochrane da Hooper ta jagoranta a 2015 ya nuna ba a iya dogara da su. Fatar ɗan shekara 85 ta riga ta saki ko ya sha ruwa ko bai sha ba. Bakinsa na iya bushewa don yana numfashi ta baki ko don wani magani. Ƙodarsa kuma na iya fitar da farin fitsari tas alhali jiki a bushe yake. Shi ya sa mizanin ESPEN ya ce kada a yi hukunci da su. Abin dogaro shi ne gwajin jini da ke auna yawan gishiri da suga da sauran abubuwan da suka narke a cikinsa. Idan ya haura 300 a ma'auninsu, akwai ƙarancin ruwa. Tunda ba kullum za a riƙa huda tsoho da allura ba, shawarar da masanan suka bayar ita ce a ɗauki kowane mazaunin gidan a matsayin wanda ke cikin haɗari, a riƙa kai masa abin sha tun bai nema ba.

Lissafin yana da fuska ta biyu, wadda masu ɗokin “a sha ruwa da yawa” kan manta. Mai raunin zuciya ko ciwon ƙoda, ruwa na iya taruwa a jikinsa: ƙafafu su kumbura, takalmi ya ƙi shiga, numfashi ya yi wuya idan ya kwanta, har sai an tara masa matasan kai. Irin wannan likita kan ƙayyade masa abin da zai sha, kuma abin da ya fi takarda faɗin gaskiya a kansa shi ne sikeli. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A auna shi kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin karin kumallo, da kaya iri ɗaya, a kan sikeli ɗaya. Likitocin zuciya na Turai sun ce ƙarin sama da kilo 2 cikin kwana 3 dalili ne na kiran likita. Haka kuma tsohon da ke shan maganin fitar da ruwa irin su Lasix, idan gudawa ko amai suka kama shi aka ci gaba da ba shi maganin ba tare da an tuntuɓi likita ba, ƙodarsa na iya tsayawa cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya yi aiki a inda aka gwada ba shi da tsada. A gidaje huɗu na gabashin Berkshire a Ingila, an horar da ma'aikata sannan aka tsara zagayen abin sha sau bakwai a yini, da keken turawa da aka ƙawata, da kofuna masu launi, da zaɓi iri-iri, mai zafi da mai sanyi. Rahoton da aka buga a 2019 ya nuna ciwon mafitsara mai bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ya ragu da kashi 58 cikin 100, wanda ke kai mutum gadon asibiti kuma ya ragu da kashi 36. Shayi da kofi da madara duk suna shiga lissafi; wanda ya shekara saba'in yana shan shayinsa da zafi, ba a ranar tsufa za a ce sai ruwa zalla ba. Mai matsalar haɗiya ana kaurara masa abin sha, amma irinsa ya fi kowa bukatar ƙirga, domin mutane ba su son ɗanɗanon, sai su rage sha. Idan baki ya gaza, akwai ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, wanda nas za ta iya sawa a gidan ba sai an ɗauki tsoho zuwa asibiti ba.

Faransa ma ta ɗauki darasi. Daga 2004 ta kafa shirin ko-ta-kwana na lokacin zafi, ta wajabta wa kowane gidan tsofaffi ya tanadi ɗaki mai sanyi, ta sa ƙananan hukumomi su buɗe rajistar tsofaffin da ke zaune su kaɗai, ta kuma ware yini guda a shekara da ma'aikata ke yin aiki kuɗinsa ya tafi ga kula da tsofaffi da naƙasassu. A Ingila, sashe na 14 na ƙa'idojin 2014 ya mai da wadatar da abinci da abin sha wajibi, kuma hukumar sa ido ta CQC na iya gurfanar da gidan da sakacinsa ya cutar da wani. Doka dai ta yi nata. Amma shayar da mai gigin tsufa kofi ɗaya na iya cin minti goma ko fiye, ana lallashi, ana jira ya haɗiye. Gidan da ya bar ma'aikaciya ɗaya da mutum goma sha biyu ya riga ya yanke wa wasunsu ƙishirwa, komai kyan takardunsa. Laifin na masu gidan ne da hukumomin da ke biyansu, kafin ya zama na wadda ke riƙe da biro.

Wannan magana ta shafi mutanenmu kai tsaye. Tun daga Fabrairun 2022, lokacin da Birtaniya ta buɗe biza ga masu aikin kula da tsofaffi daga waje, dubban 'yan Najeriya sun shiga wannan aiki, kuma da yawansu su ne ke cike waɗannan takardu a yau. Amana ce a hannunsu: a rubuta 50 idan 50 aka sha, ko da shugabar aiki za ta yi tambaya.

A ƙasar Hausa gidajen tsofaffi ba su da yawa. Baba da Inna suna ɗakinsu a cikin gida, a hannun 'ya'ya da surukai da jikoki. Amma jikin iri ɗaya ne, zafinmu kuma ya fi nasu. A ranar 3 ga Afrilun 2024, cikin watan azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata gaba ɗaya 130 ne, kuma kusan rabinsu sun haura shekara 60. A gida mai mutum ashirin, kowa yakan ɗauka wani ya ba Kaka ruwa.

Ba a bukatar takardar asibiti kafin a gyara wannan. Ledar fiya wata galibi rabin lita ce, wato huɗu ga tsoho, uku da ɗoriya ga tsohuwa, kuma wannan mizanin ƙasashen sanyi ne. A bazara sai an ƙara. A ware wa tsoho gorarsa da aka san abin da take ci, a cika ta da safe, mutum ɗaya ya riƙa duba ta, da azahar a ga inda aka kai. Koko, kunu, fura da nono, romo, kankana da lemo duk suna taimakawa. A miƙa masa a hannu bayan kowace salla, a tsaya har ya sha, a kuma sa masa fo ko buta kusa don dare. Dattijon da azumi ke galabaitarwa, malamai sun bayyana rangwamen da addini ya yi masa na ciyarwa. A tambaye su, a tambayi likita, tun watan bai kama ba. Mai ciwon zuciya ko ƙoda kuwa, a bi adadin da likitansa ya faɗa.

Masu sauraro, idan tsohon da ke hannunku ya wuni bai yi fitsari ba, ko ya tashi yana sambatu alhali jiya lafiya ƙalau, ko barci ya yi masa nauyin da ba a saba gani ba, ko jiri na ɗibarsa idan ya miƙe, kada a ce tsufa ne a bar shi sai gobe. A kai shi asibiti a ranar, a tafi da duk magungunan da yake sha, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da ya shiga cikinsa tun jiya.